Murhun Inno

Maradun,
farkon watan Fabrairu

Zuwa ga ɗiyata Nazifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, da maigidanki, da yara, da aiki, da zaman Sakkwato. Ki gaishe mini da uwarki Farida, ki ce mata taubashinta Surajo yana nan da ransa, tunda ita ta manta hanyar Maradun. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Matata Taibatu ce ƙafa ta ɗan matsa wa, amma da sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Tun da aka lalata ƙarfen sabis na bakin gari, sai mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu sama kafin ya samu layi, in ma ya samu. Maganar da ke bakina kuwa ba wadda ake yi a kan tudu ba ce. Jibo direba yana zuwa Sakkwato ta Mafara, shi zai miƙa miki, shi kuma za ki ba amsa. Tsohon hedimasta bai manta riƙon alƙalami ba.

Kin san Inno, ƙanwar kakarki, gwaggona. Tun bara take gidana. Sun baro Tungar Nagode, can bayan Gidan Goga, bayan da 'yan bindiga suka kashe babban ɗanta a gona. Ta zo da ɗanta Auwalu da matarsa Fiddausi da 'ya'yansu, da matar marigayin da nata marayun. Auwalu yana dako a kasuwa, Fiddausi tana ƙuli-ƙuli, ɗayar tana surfe a gidajen mutane. Ana dai lallaɓawa.

Bari in ba ki dariya. Ba su daɗe da zuwa ba na fito da safe na tarar Inno ta jera duwatsu uku a kusurwar gida, ta ɗora 'yar tukunyar da ta gudo da ita, tana hura wuta. Na ce subhanallahi! A gidana? Unguwa ta ji cewa gwaggon Surajo na dafa nata daban kamar 'yar haya? Da hannuna na kwashe duwatsun na jefa bayan rumbu. Tun ranar tukunya ɗaya ake ɗorawa, Taibatu har sai da ta aro babbar ta biki.

To, kwanan baya wasu samari biyu suka zo sanye da riga mai tambarin ƙungiyar da kike wa aiki. Tambayarsu ta farko, tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan? Na ce ɗaya, kuma na ɗaga murya don maƙwabta su ji. Daga nan suka bi kowa da tambayar abin da yake samu a wata, suna dannawa a na'ura, suka tafi.

Yanzu gari ya ɗauka cewa ƙungiyarku za ta kama wa 'yan gudun hijira gonaki kusa da gari, da iri da taki, kafin damina. Ke ce aka ce kina lissafin. Ki faɗa mini gaskiya, domin Inno ta fara wata magana da ba na so. Jiya cewa ta yi, "Surajo, in ruwa yas sauka ban da inda nika sa iri, gida nika komawa. Ban iya zama ina kallon hadari kamar wadda ba ta da hannuwa." Kin san abin da komawa Tungar Nagode yake nufi, ba sai na rubuta ba.

Kawunki,
Surajo

Sakkwato,
ƙarshen Fabrairu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi, ina gaida Inna Taibatu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A gaishe mini da Inno ƙwarai, da Auwalu da iyalinsa. Mama ta ce in gaya maka ba ta manta hanya ba, hanyar ce ta ƙi biyuwa, kuma wai har yanzu kana nan da bakinka. Labarin murhu ya ba mu dariya.

Maganar gonaki gaskiya ce, amma da sauran bayani. Ƙananan hukumomi uku aka duba: Talata Mafara, Bakura da Maradun. Abin da ke hannu kuwa na ɗaya ne kacal. Masu ba da tallafin sun ja layi a kan samun gida na wata, suka ce wadda ta faɗi ƙasa da layin ita za a ba.

Na san za ka ce a tara samun kowa a raba da yawan gidaje, yadda ka koya wa ɗalibanka. Ba haka muke yi ba, domin alhaji ɗaya mai manyan motoci sai ya ɗaga garin gaba ɗaya a takarda. Jera gidajen muke yi, daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, mu dubi wanda ya tsaya a tsakiyar sahu. Rabin gidaje na ƙasa da shi, rabi na sama. Samun wannan gidan na tsakiya shi ne ma'auninmu.

Sai dai ba kowane gida aka shiga ba, an zaɓi wasu ne. Kamar mai sayen gero ne, ba ya zazzage buhu, hannu yake sokawa ya ɗebo ya duba. Don haka ba ma cewa ga adadin daidai, sai mu ce yana tsakanin kaza da kaza. Wannan tazarar ita ce shakkarmu. In an yi aikin yadda ya kamata, sau tara cikin goma gaskiya takan faɗo a cikin tazarar.

Ba mu gama ba tukuna. Amma a zuciyata, Kawu, wa zai dubi halin da Maradun take ciki ya ce wata ta fi ta buƙata? Ka lallashi Inno ta ƙara haƙuri.

'Yarka,
Nazifa

Maradun,
tsakiyar Maris

Ɗiyata Nazifa,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ƙafar Taibatu ta saki har ta je barka jiya. Allah ya yi miki albarka, takardarki ta wanke mana zuciya.

Na tara su a tsakar gida na karanta musu. Da na zo wurin tara cikin goma, na ce wa Inno, kin ji, ɗiyar Farida ta ce rabonmu tara ne cikin goma. Ni da na yi shekara da shekaru ina ba yara maki na san tara cikin goma ba faɗuwa ba ce. Ranar Inno ta ci tuwo har da neman ƙari, ta fito da ƙullin irin geronta ta shanya.

Maƙwabcinmu Audu ya yi wa Auwalu tayin aron wata gona a hanyar Mafara. Tana da nisa, ga tsakuwa, sai mutum ya fita da asuba. Na ce Auwalu ya yi masa godiya ya bar wa wani, tunda ta kusa na tafe har da taki. Audu ya ba wani mutumin Jangebe.

Bayanin gidan tsakiya ya burge ni, ko da yake ni dai ban taɓa ganin inda aka jera magidanta sahu don a auna su ba. Ki sanar da mu ranar rubuta suna.

Kawunki,
Surajo

Sakkwato,
ƙarshen Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, hankalina a tashe yake. Tun da na karanta takardarka nake kiran wayarka, ba ta shiga.

Don Allah, Kawu, ban ce rabonku tara ne cikin goma ba. Cewa na yi lissafinmu yakan kama gaskiya sau tara cikin goma, ko gaskiyar ta yi muku daɗi ko ba ta yi ba. Laifin alƙalamina ne da na haɗa wannan da abin da ke zuciyata a takarda ɗaya. Ka tura Auwalu wurin Audu yau ɗin nan, ko rabin gonar ne a ba shi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sakamakon ya fito, kuma ba daɗi. Layin da aka ja naira dubu sittin ne a wata. Talata Mafara tana sama da shi, ta fita. Bakura tana tsakanin dubu hamsin da biyu da hamsin da takwas, duk tazararta a ƙasa. Maradun kuwa tsakanin dubu hamsin da ɗaya ne da saba'in da bakwai. Ka ga ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Sharaɗin kuwa ya ce sai tazarar gaba ɗaya ta kwanta ƙasa da layi.

Tazararku ta yi faɗi ne saboda gidajen da aka shiga kaɗan ne. Ƙauyuka da yawa da aka zaɓa ba a iya zuwa ba, kuma ba zan ga laifin yaranmu masu ƙidaya da suka ƙi kai kansu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, rashin tsaron da ya talauta ku shi ne ya hana a auna talaucin naku. Amma akwai wani abin kuma da bai zauna mini ba, don ko da gidaje kaɗan bai kamata tsakiyarku ta hau haka ba. Ina kan dubawa.

'Yarka,
Nazifa

Maradun,
farkon Mayu

Nazifa,

Sallama. Muna lafiya, in zama cikin zafi da takaici lafiya ne. Ina fata ku ma kuna lafiya. Ki gaida uwarki.

Takardarki ta ƙarshen Maris shekaranjiya ta iso. Injin motar Jibo ne ya buga, ta kwanta a garejin Mafara, takardar kuma tana cikin aljihun ƙofa har ta yi baƙi da mai. Kafin ta zo, a bakin 'yan kasuwa na ji cewa ana rubuta suna a Bakura. Na ƙaryata su. Na ce ɗiyata ce ke lissafin, da haka ne da ni na fara sani. Yau ba na iya wucewa ta rumfarsu.

Kin ce in tura Auwalu wurin Audu. Ihu bayan hari ke nan. Mutumin Jangebe ya riga ya share gonar ya zuba takin gida.

Yanzu ki saurare ni. Na karanta lissafinki sau uku da tabarau. Kin ce muna tsakanin hamsin da ɗaya da saba'in da bakwai. Wannan ma amsa ce? Da yaro ya rubuta mini haka a jarrabawa da na kora shi gida ya kira ubansa. Tsakanin Maradun da Sakkwato ma ai akwai garuruwa, amma in aka tambaye ni ina nake ba na cewa ina tsakani. Kuma in har ba ku tabbata ba, me ya sa rashin tabbacinku ya zama namu ne za mu biya? Ku ne ba ku je ƙauyuka ba, mu ne aka hana gona.

Kuma wane gida ne wannan na tsakiya da yake samun sama da dubu sittin? Ki faɗa mini unguwarsu in je in gaishe shi, in tambaye shi sirrin. Ni dai magidantan da na sani, wanda ke cin tuwo sau biyu a rana shi ake kira mai hali. Ba na cewa mutanen Bakura ba su da buƙata, 'yan uwanmu ne, Allah ya sa musu albarka a ciki. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ban gaya wa Inno ba tukuna. Ta sani dai, don ta daina tambayata. Ta mayar da irin geronta cikin ƙulli ta sa ƙarƙashin matashinta. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma.

Surajo

Sakkwato,
tsakiyar Mayu

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa, ina gaida Inna Taibatu da Inno da yara. Na karɓi faɗanka, kuma ban ce ba ka da gaskiya ba. Tazara mai faɗi ba amsa mai daɗi ba ce, amma ita ce iyakar abin da muka sani. Da na matse ta don ta yi kyau, da na yi ƙarya.

Ka tambayi gidan tsakiya. Na gano shi, kuma ina roƙon ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi. Mu ba ma ganin sunan kowa, lambobi kawai muke gani. Da na duba, sai na ga gidajen Bakura yawanci mutum takwas ne ko tara, mai nema ɗaya ko biyu. Na cikin garin Maradun kuwa ga mai mutum ashirin, ga mai talatin, masu nema huɗu ko biyar. Na yi ta juya abin, sai na tuna takardarka ta farko.

A wurinmu, gida shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. Da ka ce ɗaya, sai aka haɗa fanshonka da amfanin gonarka da dakon Auwalu da ƙuli-ƙulin Fiddausi da surfen matar marigayi, aka rubuta samun gida guda. A takarda gidanka gidan mai hali ne. Gidan Auwalu da gidan marayu, waɗanda ya kamata su tsaya can ƙasan sahu, ba su cikin sahun ma sam. Kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan duk wanda ya sauki 'yan uwa haka ya amsa. Da aka kwashe na ƙasa aka cusa su cikin na sama, dole mai tsakiya ya hau.

Na kai wa shugaban sashenmu, Malam Ishaq. Ya duba ya ce da alama haka ne. Na ce to a raba samun da yawan bakin da ke ci, nan take za a ga bambanci. Ya ce sharaɗin da aka sa wa hannu samun gida ya ce, ba samun mutum ba, kuma ba a canza ma'auni bayan an ga wanda ya ci. Na ce in raba manyan gidajen a lissafi. Ya ce da wace hujja, da zato? Mun ɗaga wa juna murya har masinja ya leƙo. Abin haushin, Kawu, na san shi ma yana da gaskiya. In na raba gida da zato yau don ku, gobe wani zai raba don nasa.

Hanya ɗaya ta rage. In masu gida suka yarda a sake ƙidaya, kowane iyali da ya yi gudun hijira a rubuta shi gida mai zaman kansa, zan iya neman a sake duba Maradun. Kai ake jin maganarka a unguwa. Ka taimake ni da su.

'Yarka,
Nazifa

Maradun,
ƙarshen Mayu

Nazifa,

Sallama, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya. An yi yayyafi shekaranjiya, bai jiƙa ƙasa ba.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika roƙa, sannan na yi fushin. Wato yanzu zumunci ne ya kayar da mu? An tambaye ni tukunya nawa, na faɗi gaskiya. Tukunya ɗaya ce, ki zo ki gani, har yanzu ta biki ce ba mu mayar ba. Da na bar gwaggona tana hura wuta a kusurwa da marayu kewaye da ita, ni ina cin nawa a ɗaki, da na'urarku ta ce madalla, ga matalauta, a ba su gona. Wanda ya tsara tambayar nan bai taɓa buɗe ƙofa ya ga danginsa tsaye da tabarmi a ka ba.

Duk da haka na yi abin da kika ce, don Inno, ba don lissafinki ba. Na tara magidanta bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar gidana. Na yi musu bayanin sahu da mai tsakiya har da zane a ƙasa. Audu ya bari na gama, ya ce, "Malam, kai ka iya shiga gida ka ce ma gwaggonka ita ba 'yar gidanka ba ta? Ni ƙanena na wajena. In nic ce a rubuta shi daban, gobe da wace huska nika kallonai?" Wani ya ce in an rubuta baƙonsa daban, dangi za su ce ya gaji da shi ne yana neman hanyar sallama. Mutum huɗu suka ce sun yarda, su ma a kan kada a yi tambayar a gaban baƙin nasu. Sauran suka kaɗe riguna suka tashi. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da bakina nake faɗa zuciyata na ƙi.

Inno ta ji komai ta katanga, kunnenta ya fi na yaro. Da na shiga ta ce, "To, ashe ni ba a ƙirga ni ba?" Na ce an ƙirga ki mana, a cikin gidana. Sai ta ce, "Shi na, Surajo. Cikin gidanka." Ta ci gaba da tsinkar zogale.

Auwalu ya ce mini wasu 'yan Tunga sun koma. Wai an yi magana da mutanen daji, za a bari a yi noma in an ba su nasu kason. Irin wannan maganar aka yi shekarar da aka kashe yayansa. Na faɗa masa haka, ya sunkuyar da kai.

Ki yi abin da za ki yi da sauri. Ni na gaji da bayani, gona nake nema.

Surajo

Sakkwato,
farkon Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya huci zuciyarka. Ban taɓa cewa ka yi ƙarya ba, kuma ban ce zumunci laifi ne ba. Tambayarmu ce aka ɗinka wa garin da ba a gudu. Ni da na tashi ina jin yadda gidajenmu suke, na karanta labarin murhu na yi dariya, ban ga abin da ke ciki ba. Wannan yana damuna fiye da faɗanka.

Ga abin da na samu. An yarda a sake ƙidayar Maradun, kuma an gyara tambayar. Ba za a ce tukunya nawa ba, za a ce kafin a gudo, murhu nawa ne. Ka ga ba wanda zai ce ɗan uwansa ba nasa ba ne. Malam Ishaq da kansa ya sa hannu. Amma sai bayan kaka, don na bana an riga an raba a Bakura. Na yi magiya, na rubuta, na sake rubutawa, iyakar abin da na iya ke nan. Ko a lokacin ma ba zan yi maka alkawarin inda tazarar za ta faɗi ba. Na daina faɗin abin da ke zuciyata a wurin da ake jiran lissafi.

Don girman Allah ku riƙe Inno damina ɗaya. Mama ta ce a kawo ta nan Sakkwato, ɗaki na nan. In kuma akwai gonar haya ko ta wane iri ce, ni da maigidana za mu kama mata. Ka karanta mata wannan da bakinka, ka ce jikar yayarta ce ke roƙo.

'Yarka,
Nazifa

Maradun,
tsakiyar Yuni

Ɗiyata Nazifa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara, ina gaida Farida. Allah ya saka muku da alheri a kan tayin da kuka yi. Wannan karon Jibo bai makara ba, takardarki ta zo a kan lokaci. Ruwa ne ya riga ta.

An yi ruwan shuka ranar Laraba, mai yawa, har kwata ta cika. Na zaga neman gonar haya, ban samu ko ta shanya barkono ba. Duk abin da ke kusa da gari an kama tun kafin azumi, ga 'yan hijira sun fi gonakin yawa.

Na karanta wa Inno takardarki da bakina, kamar yadda kika ce. Ta saurara har ƙarshe, ta sa miki albarka. Maganar Sakkwato kuwa dariya ta yi, ta ce a can me za ta shuka, siminti? Da na zo wurin bayan kaka, sai ta ce, "Gero ba shi jiran takarda, Surajo." Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira limamin unguwa ya yi mata nasiha. Har cewa na yi in ta fita ban yafe ba, ni da ban isa in faɗa wa gwaggona haka ba. Ta bar ni na gama, ta ce, "Kai dai ka yi naka, Allah shi biya ka. Ka ciyad da mu, ba ka taɓa ɗaure muna huska ba. Amma ni tun ina da ɗiya guda nika hura wutata. Shekara guda ke nan ban ɗora tukunya ba."

Sun tafi ranar Juma'a da safe a motar itace da ke zuwa Gidan Goga, daga nan sai ƙafa. Auwalu ya bi ta, ya ce ba zai bar uwarsa ta shiga dajin nan ita kaɗai ba. Fiddausi ta bi mijinta. Yaran da matar marigayi suna wurina, wannan kam na tsaya a kai. Inno ba ta ɗauki komai ba sai ƙullin irinta da 'yar tukunyar nan. Taibatu ta cusa mata garin tuwo da daddawa a zani, suna kuka su biyu. Ni ban iya raka su tasha ba. Har yau ba mu ji saukarsu ba, can ko tudun da za a hau a nemi layi babu.

Ba su kaɗai ba ne. Ƙanen Audu ma ya tafi, da wasu gidaje a unguwarmu. Ki gaya wa Malam Ishaq, kafin masu ƙidayarku su zo bayan kaka, na ƙasan sahun sun koma inda ba a iya zuwa a ƙirga su. Ban san me wannan zai yi wa mai tsakiya ba, ke kika sani. Ban rubuto don in yi miki faɗa ba, na san kin yi iyakar ƙoƙarinki. Haushin ne ya rasa wanda zai kama.

Ku sa su a addu'a, ke da uwarki. Jiya na zaga bayan rumbu na tono duwatsun nan uku, ciyawa har ta fara rufe su. Na mayar da su kusurwar da ta jera su, na hana yara taɓawa. In yaranku sun dawo da sabuwar tambayarsu, su shigo su gani da idonsu, murhu biyu ne a gidan Surajo. Ɗayan dai ba wuta.

Kawunki,
Surajo